ZAƁI SANA'ARKA: Matuƙin Jirgin Gajeren Zango, Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Tun da aka buɗe wannan fili, babu sana'ar da kuke yawan tambaya a kanta kamar tuƙin jirgin sama. Wasiƙar da ta sa na zaɓe ta a wannan makon ta fito ne daga wani ɗalibi ɗan aji biyu na babbar sakandare. Ya ce ya ga bidiyo a waya ana cewa kamfanonin Amurka suna neman matuƙa ruwa a jallo, suna biyan dubban daloli. Da ya nuna wa mahaifinsa, sai mahaifin ya ce in dai da gaske ne, zai sayar da gonarsa ya biya masa kuɗin horo. Tambayarsa gajeriya ce: "Yaya, in ce wa Baba ya sayar?"

Ƙanena, kada ka ce masa komai tukuna. Gona ba a sayar da ita sau biyu. Ka zauna mu duba matakin farko na wannan sana'a, wato aiki a ƙananan kamfanoni masu jigilar gajeren zango, inda mafi yawan matuƙan farar hula na Amurka suke farawa. Tun da bidiyon kan Amurka ya yi magana, can za mu fara, sannan mu dawo gida.

Wane ne matuƙin gajeren zango?

A Amurka akwai manyan kamfanoni irin su American, Delta da United, masu jirage manya da ke zuwa manyan birane da ƙasashen waje. Babban jirgi ba ya cika da fasinja a ƙaramin gari, don haka sai su ba ƙananan kamfanoni kwangilar kwaso mutane daga ƙananan garuruwa zuwa manyan filayen jirgi. Ka ɗauke shi kamar ƙananan motocin da ke kwaso fasinja daga ƙauyuka zuwa babbar tasha. Cikin waɗannan kamfanoni akwai SkyWest, Republic, Envoy, Piedmont da Endeavor.

Fasinja sau da yawa bai ma san da su ba. Tikitinsa na babban kamfani ne, fentin jirgin ma na babban kamfani ne, da suna kamar American Eagle, Delta Connection ko United Express. Amma matuƙin da ke gaba ma'aikacin ƙaramin kamfani ne, albashinsa daban, sharuɗɗan aikinsa daban. Jiragen da yake tuƙawa irin su Embraer na ƙasar Birazil ne da CRJ da aka ƙera a Kanada, masu kujeru daga 50 zuwa 76. Tsayawa a 76 ɗin ma da dalili: ƙungiyoyin matuƙan manyan kamfanoni ne suka sa aka rubuta shi a yarjejeniyarsu, don kada a kwashe musu aiki a ba masu ƙaramin albashi.

Mutum biyu ne a gaban jirgin. Kyaftin yana zama a hagu, shi ke da magana ta ƙarshe. Mataimakinsa yana dama. Dukansu suna tuƙi, sukan yi karɓa-karɓa, wannan ya tuƙa zuwa, wancan ya tuƙa dawowa. Kowane sabon matuƙi a kujerar dama yake farawa.

Daren da ya sauya doka

Ba za ka fahimci sharuɗɗan wannan aiki na yau ba sai ka san abin da ya faru ranar 12 ga Fabrairu, 2009. A daren nan wani jirgin kamfanin Colgan Air mai lamba 3407 ya tashi daga Newark zuwa Buffalo a jihar Niyok. Saura 'yan kilomita ya sauka, sai ya faɗa kan wani gida. Duka mutum 49 da ke ciki suka rasu, da mutum ɗaya a cikin gidan, jimilla 50.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gano cewa gudun jirgin ya ragu matuƙan ba su lura ba. Fikafikan jirgi suna ɗauke shi ne da iskar da ke ratsa su. In gudu ya yi ƙasa sosai kuma hancin jirgin ya ɗaga, iskar takan daina ɗaukar fikafikan. Akwai na'urar da ke girgiza sitiyari don ta gargaɗi matuƙi. Abin da ake koyarwa shi ne ka tura hancin jirgi ƙasa ka ƙara wuta. Kyaftin ɗin sai ya ja sitiyari baya. Wannan ne hukumar ta bayyana a matsayin musabbabin haɗarin.

Amma abin da ya fi tayar wa jama'a hankali shi ne rayuwar matuƙan biyu da binciken ya tono. Mataimakiyar kyaftin ɗin 'yar shekara 24 ce, kuma abin da take samu a shekara kimanin dala 16,000 ne, kuɗin da a Amurka ba zai kama maka haya a kusa da Niyok ka ci abinci ba. Gidanta yana kusa da Seattle, a ɗaya gefen ƙasar, nisan kusan kilomita 3,900 daga wurin aikinta, wato ya ninka nisan Kano zuwa Legas ta sama fiye da sau huɗu. Daren da ya gabata a hanya ta kwana, tana bin jiragen dakon kaya don ta iso bakin aiki, ga shi kuma tana fama da mura. Kyaftin ɗin shi ma a ɗakin hutun ma'aikata na filin jirgi ya kwana. Hukumar ta ce da alama gajiya ta rage musu kuzari, ko da yake ba ta iya auna yawan tasirinta ba.

Iyalan waɗanda suka rasu suka yi ta sintiri a majalisar dokokin ƙasar har aka yi sabuwar doka a 2010. Daga ita aka samu manyan sauye-sauye biyu: ƙa'idar awa 1,500 da ƙa'idar hutu.

Awa 1,500 a sama

A wannan sana'a awa ita ce jari. Kowane matuƙi yana da littafin da yake rubuta duk lokacin da ya yi a sama. Kafin 2013, mai lasisin tuƙin kasuwanci da awa 250 zai iya zama mataimakin kyaftin a Amurka. Daga watan Agustan 2013 aka ce sai yana da babban lasisin jigilar fasinja, wanda ke buƙatar awa 1,500. An yi wa wasu rangwame: wanda ya fito daga soja awa 750, wanda ya yi digiri a fannin jiragen sama a jami'ar da aka amince da ita awa 1,000.

Wani abin lura, matuƙan jirgin Colgan dukansu sun haura awa 1,500 a daren haɗarin. Shi ya sa har yau ake jayayya kan ƙa'idar. Ƙungiyoyin matuƙa suna cewa ta ƙara tsaro, ƙananan kamfanoni kuma suna cewa ta sa hanya ta yi tsawo da tsada, kuma ingancin horo ya fi yawan awa muhimmanci.

Ga abin da hakan yake nufi ga matashi. Ya biya kuɗin makarantar tuƙi, wanda a Amurka yakan kai dala 100,000, sau da yawa da rancen banki. Ya fito da awa kimanin 250. Saura fiye da 1,200, kuma kowace awa a jirgi kuɗi ce. Yawancinsu sai su zama malaman tuƙi, suna koyar da sababbin ɗalibai a ƙananan jirage da ɗan ƙaramin albashi, shekara ɗaya da rabi ko biyu, har awannin su cika. Duk wannan kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya, kuma bashin yana nan yana jiransa.

Yini ɗaya a bakin aiki

Ƙa'idar hutu ta fara aiki a watan Janairun 2014. Dole matuƙi ya samu hutun awa 10 kafin ya kama aiki, kuma a ciki ya zama yana da damar barcin awa 8 ba yankewa. Tsawon aikin yini yana kamawa daga awa 9 zuwa 14, gwargwadon lokacin da ya fara da yawan sauka da tashin da zai yi. Ba zai wuce awa 100 a sama cikin kwana 28 ba, ko awa 1,000 a shekara. Kafin ya tashi kuma sai ya sa hannu cewa yana da kuzarin yin aikin.

Bari mu kwatanta yini guda. Matuƙi ya tashi daga barci ƙarfe huɗu na asuba a otal. Ƙarfe biyar yana filin jirgi, yana duba rahoton yanayi, nauyin jirgi da yawan mai. Mataimaki yakan zagaya jirgin da tocila yana duba tayoyi, fikafikai da injina, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ƙarfe shida sun tashi, bayan awa ɗaya sun sauka. A sauke fasinja, a ɗebi wasu, a sake tashi. Haka sau huɗu ko biyar kafin yamma. Sauka da tashi su ne suka fi buƙatar natsuwa a tuƙin jirgi, kuma matuƙin gajeren zango ya fi abokinsa na dogon zango yawan yin su nesa ba kusa ba. Da dare ya kwana a wani otal a wani gari. Tafiya guda takan ɗauki kwana uku ko huɗu kafin ya ga gida.

Yanzu ga lissafin albashi, inda mutane da yawa suke ruɗewa. A Amurka ana biyan matuƙi ne da awa, kuma agogon yana fara ƙirga ne daga lokacin da jirgi ya bar ƙofar ɗaukar fasinja zuwa lokacin da ya tsaya a ta ɗaya garin. Lokacin duba jirgi da zaman jira tsakanin tafiye-tafiye ba sa cikin wannan ƙirga. Zai iya yin awa 12 a bakin aiki a rubuta masa biyar ko shida. Kamfanoni sukan ba da tabbacin biyan kimanin awa 75 a wata. Saboda haka in ka ji an ce matuƙi yana karɓar kaza a awa, da 75 za ka ninka, ba da awa 160 na ma'aikacin ofis ba.

Wanda ya riga ka barci

Akwai abu guda da ke juya rayuwar matuƙi a Amurka fiye da komai: ranar da aka ɗauke shi aiki. Kowane kamfani yana da jerin sunayen matuƙansa bisa ranar shigowa. Lambarka a wannan jeri ita ke yanke garin da za ka zauna, ranakun hutunka, da lokacin da za ka zama kyaftin. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ko da kuwa ka fi shi iya saukar da jirgi.

Sabon shiga yana ƙasan jeri, don haka yakan fara da zaman ko-ta-kwana. Ba shi da jadawali, wayarsa a kunne, in an kira shi sai ya isa filin jirgi cikin kimanin awa biyu. Ranakun biki da ƙarshen mako shi ke aiki. In garin da aka ba shi ba nan iyalinsa suke ba, sai ya haɗa kuɗi da wasu matuƙa su kama gida kusa da filin jirgi, a jera gadaje masu hawa biyu kamar ɗakin kwanan ɗalibai. Ku 'yan makarantar kwana kun san yadda barci yake a irin wannan ɗaki.

In ya sauya kamfani kuma, lambarsa ba ta bin sa. Kyaftin mai shekara goma a ƙaramin kamfani, in ya koma babba, zai koma kujerar dama a ƙasan jeri. Duk da haka yawancinsu hakan suke buri, domin albashin manyan kamfanoni ya fi ƙwarai. Wasu ƙananan kamfanonin, kamar Envoy da Piedmont, mallakar American ne, kuma suna da tsarin da matuƙi zai wuce babban kamfanin in layi ya zo kansa.

Jarrabawa ma ba ta ƙarewa. Lokaci-lokaci ana shigar da matuƙi na'urar kwaikwayon jirgi a kashe masa inji ko a tayar masa da gobara ta gwaji, a ga yadda zai yi. Likita yana duba shi a kai a kai. In lafiyar ta gaza, lasisin ya tsaya. In ya cika shekara 65, doka ta ce ya sauka daga jigilar fasinja.

Kasuwa mai hawa da sauka

To, bidiyon da ƙanenmu ya gani ƙarya ne? A'a, akwai gaskiya a ciki, sai dai gaskiya ce ta wani lokaci. Ku bi shekarun nan da kyau.

A 2020, da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, ƙananan kamfanoni uku, Trans States, Compass da ExpressJet, sun daina aiki, matuƙansu suka koma gida. Manyan kamfanoni kuma suka lallashi tsofaffin matuƙa da yawa suka yi ritaya da wuri. Da tafiye-tafiye suka dawo a 2022, manyan suka shiga kwasar dubban matuƙa daga ƙananan. Kyaftin-kyaftin suka yi ƙaranci har American ya ajiye ƙananan jirage kimanin 100 babu masu tuƙawa.

Nan albashi ya yi tsalle. A watan Yunin 2022 Envoy da Piedmont suka ɗaga kuɗin sabon mataimaki daga dala 51 zuwa dala 90 a awa. Ku ɗauko biro: 90 sau 75 ya ba da 6,750 a wata, sau 12 ya ba da 81,000 a shekara, kafin a cire haraji. Wannan ya ninka abin da mataimakiyar jirgin Colgan take samu kusan sau biyar.

Sai kuma 2024 ta zo. Kamfanin Boeing ya yi jinkirin miƙa sababbin jirage, manyan kamfanoni suka rage ɗaukar matuƙa, United ma ya dakatar na ɗan lokaci. Da na sama suka daina matsawa, layin duka ya tsaya, matasa masu awa 1,500 suka koma jiran kira. Cikin shekara huɗu an ga kora, an ga rububi, an ga tsaiko. Kai da kake aji biyu, sai nan da shekara biyar ko fiye za ka nemi aikin farko. Babu mai bidiyon da zai iya gaya maka yadda kasuwar za ta kasance a lokacin.

Ga kuma ƙofar da bidiyon bai ambata ba. Bizar karatu ba izinin aiki ba ce. Kamfanonin Amurka suna ɗaukar wanda ke da izinin aiki a ƙasar ne. Ɗan Najeriya ko Nijar zai iya zuwa ya yi horo, amma lasisi kaɗai ba zai ba shi kujera a jirginsu ba.

Mu nan gida fa?

Irin wannan aikin muna da shi. Jirgin da ke tashi daga Kano zuwa Abuja cikin kimanin awa ɗaya gajeren zango yake yi, kuma wasu kamfanoninmu, kamar Rano Air da United Nigeria, sun yi amfani da Embraer 145 mai kujeru 50, irin wanda ƙananan kamfanonin Amurka suka daɗe suna tuƙawa. Matuƙinmu bai san ƙanƙara ba, amma ya san hazon hunturu da ke hana ganin titin sauka a Kano ko Maiduguri, da hadarin damina.

Makarantar horo tana kusa da mu. Kwalejin koyon fasahar jiragen sama ta Zariya an kafa ta tun 1964, akwai kuma wata a Ilorin. Hukumar NCAA ce ke ba da lasisi. Ku 'yan mata, Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi horo, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Akwai kuma hanyar soja ta makarantar NDA da ke Kaduna, ga mai son rundunar sojin sama, amma wannan shiga soja ne da duk abin da ke cikinsa.

A ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, lasisin kasuwanci yana buƙatar kimanin awa 200, kuma awa 1,500 sai mai neman babban lasisin da ake zama kyaftin da shi. Don haka tsaikonmu a wani wuri yake. Lasisin da za ka fito da shi na ƙananan jirage ne. Kafin ka tuƙa Embraer ko Boeing sai ka yi wani horo na musamman kan wannan samfurin jirgin kaɗai, a na'urar kwaikwayo, sau da yawa a ƙasar waje kuma da dala. Kamfani yana son mai wannan shaida da gogewa, sabon matuƙi kuwa ba zai samu gogewa ba sai an ɗauke shi. Ga shi lasisi da shaidar likita suna da wa'adi, ko kana zaune a gida sai ka biya ka sabunta.

Mun ga misali. A wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na 2011 zuwa 2015, gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun samu damar da 'ya'yan talakawa ba kasafai suke samu ba, amma jaridu sun sha ruwaito cewa da yawansu sun daɗe suna jiran aiki bayan dawowa. Su kansu kamfanonin ba su da tabbas. Nigeria Airways, kamfanin ƙasa, ya rufe a 2003, ma'aikatansa suka shafe shekaru suna bin haƙƙoƙinsu. A 2017 hukumar AMCON ta karɓe ragamar Arik Air saboda bashi.

Abin da za ka fara tun wannan zangon karatu

Na farko, ka duba lafiyarka kafin a kashe ko kwabo. Sa tabarau ba ya hana tuƙi in dai yana gyara ganin. Amma rashin bambance launuka, musamman ja da kore, babbar matsala ce, kuma da yawa masu ita ba su sani ba. Gwajin farko mai sauƙi ne, wani ɗan littafi ne mai ɗige-ɗige masu launi da lambobi a ɓoye ciki, asibitin ido suna da shi. Farfaɗiya, ciwon sikila da wasu cututtukan zuciya na iya hana samun shaidar likita.

Na biyu, ka riƙe Lissafi, Fiziks da Turanci. Makarantun tuƙi suna neman kiredit a cikinsu. Matuƙi kullum cikin lissafin mai, nauyi, gudu da nisa yake. Turanci kuma shi ne harshen da ake magana da hasumiyar filin jirgi a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, kuma ICAO ta sa mataki shida na ƙwarewa, dole matuƙi ya kai na huɗu. Jogirafi ma zai taimake ka wajen taswira da yanayi.

Na uku, ka nisanci ƙwaya da kayan maye. Ana yi wa matuƙa gwaji ba tare da sanarwa ba. Kwalbar kodin ko ƙwayar tiramadol da aboki ya miƙo maka a bayan aji za ta iya zama jarabar da za ta rufe maka wannan ƙofa.

Na huɗu, ka samu wata sana'a ko digiri a gefe. Matuƙin da likita ya dakatar yana ɗan shekara 35, ko kamfaninsa ya rufe, yana buƙatar abin komawa. Ka kuma sani filin jirgi ba matuƙa kaɗai ke aiki a ciki ba. Akwai injiniyoyin gyaran jirgi, masu ba da umarni a hasumiya da masu tsara tafiyar jirgi, kuma ana koyar da su a Zariya.

Na biyar, ka koyi faɗin gaskiya ko da za ta ba ka kunya. Wata rana fasinja sun cika jirgi, kamfani yana gaggawa, kai kuma ba ka yi barci ba ko yanayin bai kwanta maka ba. Matuƙin kirki shi ne mai iya cewa ba zai tashi ba. Ɗalibin da ya saba satar amsa ko ɓoye kuskurensa ga malami yana koya wa kansa kishiyar wannan hali.

Amsa ga mai wasiƙa

Ƙanena, burinka mai kyau ne, kuma akwai 'yan uwanmu da suka bi hanyar nan suka kai. Albashin kyaftin mai gogewa yana da kyau, aikin kuma yana da daraja. Amma ka gaya wa Baba ya bar gonarsa a yanzu. Ka fara cin jarrabawarka ta WAEC ko NECO. Ka je gwajin ido. Ku rubuta wa kwalejin Zariya ko ku je da kanku, ku karɓi jimillar kuɗin horo a rubuce, ku tambayi kuɗin horon samfurin jirgi da ke biyo baya. Ka sa ido kan tallafin karatu na jiharku. Ka nemi matuƙi biyu ka yi magana da su, ɗaya mai aiki, ɗaya wanda ya gama horo yana jira, ka tambayi kowannensu wata nawa ya yi kafin albashinsa na farko. In kuɗin gonar zai kai ka rabin hanya ne kawai, rabin horo ba ya ba da lasisi, gidanku kuma ya rasa abin da yake ci.

Ga aikin gida na wannan makon. Matuƙi ya ci bashin dala 100,000, yana samun dala 6,750 a wata, kuma yana iya ware kashi ɗaya cikin biyar don biyan bashi. Wata nawa zai yi kafin ya gama, in ba a sa kuɗin ruwa ba? Sannan ka sake lissafin da albashin dala 16,000 a shekara. Ku aiko da amsoshinku tare da sunan makaranta da aji, za mu buga na waɗanda suka fara dacewa. Mako mai zuwa za mu hau hasumiyar filin jirgi mu ga aikin masu ba jirage umarnin sauka da tashi. Sai mun haɗu.